KEKE MAI LANTARKI DA INBATA: A YI LISSAFI KAFIN A JONA

A kwanakin baya wani malamin makaranta ya tare mu da wata tambaya wadda mu ke tsammani ba shi kaɗai ta dama ba. Ya ce ya kwashi adashi ya sayi keke mai tafiya da lantarki, domin kuɗin man babur ya fi ƙarfin albashinsa. To, ga keke ya samu, amma unguwarsu sai a yi kwana biyu cur ba a ga ƙyallin wuta ba. Yana kuwa da 'yar inbata a gida da batir guda, waɗanda su ke ba shi fitila da fanka da dare. Shin zai iya jona cajar keken a jikin inbatar nan ba tare da ya yi ɓarna ba? Muka ce masa i, yana yiwuwa, mutane da yawa ma suna yi. Amma wannan i ɗin tana da sharuɗɗa, wanda kuwa ya tsallake su zai wayi gari ko dai batirin gidansa ya mutu, ko caja ta ƙone, ko kuma, Allah ya kiyaye, abin da ya fi waɗannan muni. Da ya ke mun san akawuna da malamai ba su tsoron alƙalami da lissafi, mun ga ya kamata mu baje maganar a nan kowa ya gani.

Dattawa daga cikin masu karatu suna tune da zamanin da keken Raleigh shi ne abin hawan akawun En'e da malamin firamare. Ba ya shan mai, ba ya shan wuta, ƙafa kawai ya ke ci. Daga baya babur ya kore shi, aka shekara da shekaru ana jin daɗin mai mai araha. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a garuruwan Arewa. Wannan shi ya sa masu albashi suka fara waiwayar keke, sai dai yanzu keken ya dawo da batir a gindin sirdi. A ƙasar Sin irin waɗannan kekuna sun haura miliyan 300, galibin waɗanda a ke kawo mana ma daga can su ke. Bambancinmu da su shi ne can mutum na jona caja a bango ya kwanta da tabbacin akwai wuta. Mu kuwa ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da yawa suka fi mako guda cikin duhu. Wanda zai dogara ga keken lantarki don ya isa aji kafin a buga ƙararrawa, lalle ne ya tanadi wata hanya bayan ta kamfanin wuta.

Inbata Ɗan Canji Ce

Kuskuren farko da mu ke so mu kawar shi ne zaton da wasu ke yi cewa inbata na haifar da wuta kamar janareta. Ba ta haifar da ko ƙwayar zarra. Lantarki iri biyu ne. Akwai wanda ke miƙewa fuska ɗaya, shi ne ke zaune a cikin kowane batir, a jikin kaya a kan rubuta masa DC. Akwai kuma mai kai da komowa, wanda kamfani ke kawowa ta waya, a kan rubuta masa AC. A Nijeriya ƙarfinsa bolt 230 ne, yana kuma kaiwa ya komo sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Aikin inbata kawai shi ne ta karɓi na batir, mai bolt 12 ko 24, ta juya shi ya zama irin na kamfani.

Wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya san sana'ar ɗan canji. Ba ya buga kuɗi, abin da ka kawo shi zai canza maka, sa'an nan ya cire la'adarsa. To, haka inbata ta ke. A cikin kowane ɗari da ta karɓa daga batir, ta kan riƙe wajen 10 zuwa 15, waɗanda ke fita a matsayin zafi; shi ya sa in ka taɓa ta tana aiki za ka ji ɗumi, ka ji 'yar fankarta na juyawa. Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne batirin keken ba ya cin irin wutar kamfani. Shi ma mai fuska ɗaya ya ke so. Saboda haka cajar keke ita ma ɗan canji ce ta biyu: ta karɓi abin da inbata ta juya, ta sāke mayar da shi irin na batir, ta cire tata la'adar, ita ma wajen 10 zuwa 15 cikin ɗari. Watau an ɗauki naira an mayar da ita riyal, an sāke mayar da riyal naira, kowane canji da ragi. In aka haɗa ragin nan biyu, cikin kowane huɗu da suka bar batirin gida, uku ne kaɗai ke isa batirin keke.

Ga Lissafin

Kalmomi uku ne mutum zai riƙe, dukansu kuwa sunayen masana ne na Turai: bolt daga Volta na Italiya, amfiya daga Ampère na Faransa, wat daga James Watt na Sikotilan. A kwatanta su da ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin tunkuɗar ruwan, amfiya yawan da ke wucewa ta bututu, wat kuwa aikin da su biyun ke yi in an haɗa su. Ana samunsa ta ninka bolt da amfiya. A jikin kowane batir za a ga lamba biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. In aka ninka su sai a sami girman randar, watau yawan wutar da batirin ke iya ɗauka, wadda a ke aunawa da wat-sa'a.

Bari mu ɗauki keken malamin nan. Batirinsa 48V ne, 10Ah. Ninki ya ba da wat-sa'a 480. Tun da uku cikin huɗu ne ke isa, in batirin keken ya ƙare ƙaf sai an zaro wajen wat-sa'a 640 daga batirin gida kafin ya cika. Batirin gidansa 12V ne, 200Ah, watau 2,400 a rubuce. Amma a nan akwai wata ƙa'ida wadda masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Batirin dalma da ruwan asid, irin wanda Gaston Planté ya ƙago a Faransa a 1859 kuma har yau shi ne ya fi yawa a gidajenmu, ba ya son a sha fiye da rabinsa. In a ka saba tatse shi har ƙasa, farantan cikinsa su kan yi ɓawo, kwanansa ya ragu ƙwarai. Ashe dai abin da malam ke da ikon kashewa a dare ɗaya 1,200 ne. Keke ya ɗauki 640, saura 560. Fankar silin guda tana cin wat 60 zuwa 75. In ta kwana tana juyawa sa'a takwas ta cinye sauran nan duka, ba a ma yi zancen fitila da cajin wayoyi ba. Ga shi kuwa ita kanta inbatar, muddin tana kunne, tana ɗan lasar wuta ko ba a jona mata kome ba.

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya gane inda maganar ta nufa. Ba a fitar da abin da ba a shigar ba. Idan kuma aka ci gaba da cin bashi daga batir kowane dare, ba tare da wutar kamfani ko ta rana ta biya shi cikakke washegari ba, to, cikin 'yan watanni za a ga batirin da ke kai asuba ya koma mutuwa tun ƙarfe goma sha ɗaya. Kuɗin sabon batir na 200Ah kuwa ya ishe mutum sayen fetur na watanni masu yawa. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Amma kada wannan ya karya wa kowa gwiwa, gama lissafin na da wata fuska mai daɗi. Ba kullum ne mutum ke shanye batirin keke duka ba. Irin wannan keke, a hanya mai kyau da gudu matsakaici, yana cin wajen wat-sa'a 15 a kowace kilomita, ƙasa da haka ma in mahayin na taimakawa da feda. Malamin da ke tafiyar kilomita 6 zuwa makaranta ya dawo 6 ya kashe wajen 180 ke nan, wanda zai ci wa batirin gida 240 kacal. Wannan ba ya kai abin da fanka ɗaya ke ci a rabin dare ba. Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba ya bukatar a jira ya ƙare kafin a yi masa caji. Hasali ma ya fi daɗewa in ana ɗan ƙara masa kullum, ba a barinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Saboda haka shawararmu ita ce kowa ya auna nisan tafiyarsa ta yini, ya yi lissafi a kanta, ya riƙa mayar da abin da ya kashe a ranar da ya kashe shi.

Wanda kuwa abin hawansa ya wuce keke ya zama babur na lantarki, irin mai 72V da 20Ah, randarsa 1,440 ce, cika ta daga ƙasa zai ci kusan 1,900. Batir ɗaya na gida ba zai ɗauki wannan ba ko kusa. Sai mai batura biyu ko huɗu, ko mai farantan sola da yawa.

Batun Mota

Wasu su kan ce ai ga mota a ƙofar gida, ko ta wani ɗan'uwa, me zai hana a maƙala 'yar ƙaramar inbata a batirinta? A nan mu ke jan kunne da ƙarfi. Batirin mota ƙarama bai cika wuce 60Ah ko 70Ah ba. Wat-sa'a 640 ɗin nan in aka raba su da bolt 12 sun zama wajen 53Ah, watau kusan duk abin da ke cikinsa. Bugu da ƙari, an gina batirin mota ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya ta da inji, ba don a yi ta tsotsarsa sa'a biyar ba. Wanda ya gwada zai tashi da safe yana neman masu tura masa mota, in ya maimaita sau da yawa kuma sai ya sayi sabon batir.

To, in an bar injin yana aiki fa? Batir ba zai mutu ba, gaskiya ne, amma mota a tsaye tana shan wajen rabin lita zuwa lita guda a kowace sa'a. Sa'a biyar sun cinye man da zai kai babur nisan da ya ninka na keken sau da yawa. An gudu ba a tsira ba. Sa'an nan hayaƙin inji a cikin gareji ko soro a rufe guba ne marar wari, irin wanda mu ke jin labarin ya hallaka iyali gaba ɗaya a gidajen da aka kwana da janareta a ciki. Lokacin da yin caji daga mota ya ke da ma'ana guda ne: in mutum na kan doguwar tafiya, inji na gudu dama, ya ɗora keken a baya. Ko a nan ma a kula da ramin kunna taba na gaban mota. A motoci da yawa fiyus ɗinsa na amfiya 10 ne, alhali cajar keke ta hanyar inbata tana jan wajen amfiya 12. Ko fiyus ya tsinke, ko filogi ya yi zafi ya narke.

Wannan ya kawo mu ga zancen waya, wanda mutane ke rainawa. A ɓangaren bolt 230 cajar nan wajen rabin amfiya kawai ta ke ja, kowace waya ta gida ta ɗauka. Amma tsakanin batir da inbata, inda bolt 12 ne, abin da ke wucewa ya ninka haka fiye da sau ashirin. Dole wayar wurin ta zama mai kauri, gajeriya, a ɗaure ta da noti tam, ba a naɗa ta da hannu a rufe da leda ba. A sa fiyus a kan jar waya kusa da batir. Ja zuwa alamar ƙari, baƙa zuwa alamar ragi; in aka juya su, inbata da yawa nan take su ke ƙonewa.

Wace Irin Inbata?

Girma tukuna. A juya caja a karanta abin da ke rubuce a bayanta. Ta keke mai 48V ta kan fitar da bolt 54.6 da amfiya 2, watau wajen wat 110. Ta mai 36V kuwa bolt 42, wat 84. Sai dai a daidai lokacin da aka jona ta, caja na fizgar wuta mai yawa na ƙiftawar ido kafin ta daidaita, ƙaramar inbata kuwa sai ta ɗauka an yi mata lodi fiye da kima ta kashe kanta. Don haka a nemi wadda ta ninka bukatar caja aƙalla sau biyu. Mai wat 300 ta wadatar da caja ta amfiya 2. A lura kuma, babbar lambar da a ke bugawa a jikin kwali sau da yawa ƙarfin da ta ke iya ɗauka na ɗan lokaci ne, na dindindin na can a rubuce da ƙananan haruffa. Inbatar gida da aka rubuta wa 1kVA kuwa, a ɗauke ta a matsayin mai wat 800.

Sa'an nan iri. Wutar kamfani tana hawa tana sauka a hankali kamar lilo. Inbata mai kyau tana kwaikwayon wannan daidai, a jikinta a kan rubuta "Pure Sine Wave". Mai araha kuwa tsalle ta ke yi daga mataki zuwa mataki kamar mai hawan tsani, ita a kan rubuta mata "Modified". Fitila ba ta damu da bambancin ba. Caja kuwa wata ta haƙura ta yi aiki, wata ta yi ta ƙugi tana zafi fiye da yadda ta saba, wata ta ƙi tashi sam. Ba za a iya sanin wacce ce wacce ta kallon ido ba, kuma zafin da ya wuce kima shi ne ke rage kwanan kayan cikinta. Araha ba ta ado. Mu dai ra'ayinmu, wanda ya iya sayen keken lantarki ya daure ya cika kuɗi ya sayi mai santsin. Bambancin farashinsu bai kai kuɗin batirin keke ba. Wanda ya riga ya mallaki mai arahar, ya tsaya kusa a karon farko, ya riƙa taɓa cajar bayan kowane minti goma sha biyar. In ta yi zafin da hannu ba zai daure ba, ko ta fara wari, ya cire.

Akwai kuma tarkon kayan hannu da a ke shigowa da su daga Amurka. Wutar can bolt 120 ce, inbatocinsu ma haka su ke fitarwa. Cajar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki da kowace, amma wadda aka rubuta wa 220 kaɗai ba za ta yi ba. Haka nan cajar da aka yi don wutar Amurka kaɗai, in aka cusa ta a inbatarmu mai 230, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Rana Ita Ce Gatanmu

Idan akwai inda Allah ya fifita mu a kan mutanen Turai a wannan sha'ani, to, rana ce. A ƙasashen Kano, Sakkwato da Barno a kan sami abin da ya kai sa'a biyar zuwa shida na cikakken hasken rana a yini. Farantin sola mai wat 300 a takarda zai ba da 1,500, amma zafi da ƙura su kan rage, musamman lokacin hazo; a ƙaddara 1,000 ko sama kaɗan. Wannan ya cika batirin keken malam daga ƙasa har da saura. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da aka yi cajin. In aka yi shi da rana, wutar na bi ne daga faranti ta wuce zuwa inbata, batirin gida bai sha wahala ba. In aka bari sai dare, sai an zuba ta a batirin gida tukuna a sāke ɗebowa, batirin dalma kuwa shi ma yana riƙe wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ɗan canji na uku ke nan.

Mun san abin da mai karatu zai ce: da rana ai keken na makaranta ko ofis tare da mai shi. Gaskiya ne, a nan kuwa malamai sun fi akawuna sa'a. Wanda ya tashi ƙarfe biyu ya iso gida da sauran rana ta sa'a biyu ko fiye, wadda ta ishe shi mayar da abin da ya kashe a tafiyar yini. Akawun da ba ya tashi sai ƙarfe huɗu, zaɓinsa uku ne. Ko ya cika batirin sosai ranar Asabar da Lahadi ya riƙa ɗan ƙarawa da maraice, ko ya sayi batir na biyu ya bar ɗaya a gida, in akwai babban mutum mai hankali da zai kula da shi, ko kuwa ya yi caji a wurin aiki. Na ukun nan sai da izinin shugaba a fili, gama wutar ofis da solar makaranta ko ta asibiti dukiyar jama'a ce, an kuma auna ta ne daidai da bukatar wurin. Mutum goma su jona kekuna a solar da aka kafa don firijin allurar rigakafi, ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba.

Ana kuma samun wata irin caja wadda ke ɗaukar bolt 12 ko 24 ta ɗaga shi kai tsaye zuwa abin da batirin keke ke so, ba tare da an bi ta inbata ba. Ragin da ta ke yi ya fi ƙanƙanta, tun da canji ɗaya ne. Amma sai wadda aka yi daidai da batirin, kuma mai sana'ar da ya san aikinsa ya haɗa. Kada kowa ya kuskura ya ja waya daga farantin sola ko daga batirin gida ya cusa a batirin keke ba caja a tsakani.

Zaure Ba Wurin Caji Ba Ne

Mun bar wannan a ƙarshe ne don shi ne ya shafi rai. Batirin keke mai 48V ƙananan ƙwayoyi ne aka jera sahu 13, kowane sahu iyakarsa bolt 4.2, shi ya ba da 54.6 ɗin nan. In aka wuce iyakar, ko ƙwaya ɗaya ta sami rauni daga faɗuwa ko shigar ruwa, ta kan fara zafi, zafinta ya kama ta kusa da ita, cikin ɗan lokaci kaɗan sai gobara mai tsiri da hayaƙi mai guba, wadda ke da wuyar kashewa, ta kan kuma sāke tashi bayan an zaci ta mutu. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da irin wannan batir ya haddasa, mutum 18 suka rasu. A watan Fabrairu na 2024 kuma, a birnin Nanjing na ƙasar Sin, gobarar da ta tashi daga inda a ke ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Waɗannan garuruwa ne masu motocin kwana-kwana a kowace unguwa.

Inbata ba ita ce ke jawo wannan ba, amma yanayin da ke sa mutum ya koma ga inbata shi ne ke buɗe ƙofar haɗarin. Wuta ba ta da tabbas, sai a yi caji da dare a kwanta. Caja ta lalace, sai a ari ta maƙwabci don bakinta ya shiga ramin. Shigar baki ba hujja ba ce. Cajar keke mai 48V in aka sa wa mai 36V ta wuce iyakarsa da fiye da bolt 12. Cajar batirin dalma kuma ba ta dace da na litiyom ba ko da lambarsu ta zo ɗaya, domin yadda su ke ƙare caji ya bambanta. A cikin batir mai kyau akwai wani ɗan allo mai gadi wanda ke yanke wuta in an wuce gona da iri, amma a baturan da a ke harhaɗawa a kasuwa daga tsofaffin ƙwayoyi ba kullum a ke samun mai aminci ba.

Ga kuma zafin ƙasarmu. Masu ƙera litiyom sun ƙayyade kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, inuwa kanta ta kan haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana, balle batirin da aka sauko daga kansa yanzu bayan an taka shi a kan kwalta. A bar shi ya huce kamar rabin sa'a tukuna. A ajiye shi a inuwa mai iska, a kan siminti ko ƙasa, nesa da tabarma, katifa, labule da galan ɗin fetur. Kada a lulluɓe caja da zane don gudun ƙura. A kuma raba shi da batirin gida, domin na dalma mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta in ana yi masa caji, shi ma ɗaki mai taga ya ke bukata.

Al'adarmu ce a shigo da abin hawa zaure ko soro a kulle don tsoron ɓarayi. To, a gidajenmu da yawa zauren nan shi ne ƙofa ɗaya tilo ta shiga da fita. In gobara ta tashi a nan da tsakar dare, mata da yara na ciki ba su da ta inda za su bi. Wanda batirin kekensa na cirewa, ya cire shi ya kai tsakar gida ƙarƙashin rumfa, inda ba ya tare hanyar kowa. Wanda nasa ba ya cirewa, ya shigar da keken dukansa can. A yi caji ido biyu, in fitilar caja ta koma kore a cire, a kashe inbata. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya ke wani wari, ko a ke jin yana huci, an gama da shi; a fitar da shi fili nesa da ɗakuna, kada a sāke jona shi ko sau ɗaya. In kuwa ya riga ya fara hayaƙi, a kashe inbata in hannu zai kai ba tare da kasada ba, a fitar da kowa daga gidan, a kira 'yan kwana-kwana.

Malamin da ya yi mana tambayar mun zauna da shi mun yi lissafin nan a bayan ambulan. Tafiyarsa ta yini kilomita 12 ce, inbatarsa mai santsi ce, batirinsa na 200Ah. Abin da ya rage masa shi ne farantin sola ɗaya, da ya janye keken daga zaure zuwa gindin rumfar tsakar gida. Ya ce farantin sai kwasar adashi mai zuwa, keken kuwa a daren nan zai matsar da shi.